Yadda Ake Karanta Shafaffen Rubutu a Kan Tsabar Kuɗin Rumawa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1752 wani masanin kayan tarihi na ƙasar Ingila, William Stukeley, ya wallafa rubutu a kan wata sarauniya mai suna Oriuna. A cewarsa, matar Carausius ce, wato kwamandan jiragen ruwan Rum wanda ya yi tawaye ya mallaki Biritaniya daga 286 zuwa 293 Miladiyya. Hujjarsa kuwa wani kuɗin azurfa ne, gefe ɗaya da kan Carausius, ɗaya gefen da hoton mace da rubutun da ya karanta a matsayin ORIVNA AVG. Daga baya aka gane cewa kalmar FORTVNA ce, sunan gunkiyar sa'a ta Rumawa. Harafin F ya ɓace, shi kuma T ya rasa sandar kansa har ya yi kama da I. Ba a taɓa yin wata sarauniya Oriuna ba.

Wannan maƙala za ta duba yadda masana suke karanta rubutun da ya goge a kan kuɗin ƙarfe na daular Rum, da yadda suke bambanta guda biyu masu kama da juna. Akwai hanyoyin da ake bi a cike gurbin haruffan da suka ɓace, amma dole mai karatu ya raba abin da idonsa ya gani da abin da ya cike da saninsa. Don sauƙin bayani, an yi amfani da kalmar "kwabo" (jam'i "kwabbai") ga kowane irin kuɗin ƙarfe na Rumawa, na zinariya ne ko na azurfa ko na tagulla. A lura kuma cewa a rubutun Latin na wancan zamani harafin V shi ne yake tsayawa a madadin U.

2.0 Yadda ake buga kwabo da dalilan gogewarsa

Rumawa da hannu suke buga kuɗi. Akan sassaƙa hoto da rubutu a juye a jikin hatimai biyu na ƙarfe. A kafa ɗaya a uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan ƙarfe a kansa, a aza na biyun a sama, sannan a doka guduma. Kowane hatimi da hannu aka sassaƙa shi, saboda haka babu biyu da suke daidai da juna ɗari bisa ɗari.

Daga wannan hanya ta aiki matsalar farko take tasowa, tun kafin kwabon ya bar maƙera. Idan faifan bai zauna a tsakiya ba, rabin rubutun gefe yakan faɗa waje. Idan hatimin ya tsufa ko ya tsage, haruffan sukan fito dishi-dishi. Matsala ta biyu ita ce yawo a hannun jama'a, domin akwai kwabban tagulla da suka yi fiye da shekara ɗari ana ciniki da su. Ta uku ita ce zaman cikin ƙasa, inda danshi da gishiri suke cin ƙarfen.

Kuɗin da kansa ya yi ta lalacewa. An fara buga kwabon azurfa mai suna denarius wajen shekarar 211 kafin Miladiyya, kuma kusan zallar azurfa ne. A 215 Miladiyya sarki Caracalla ya fito da wani sabo, wanda masana suke kira antoninianus, azurfarsa kusan rabi ce kawai. Zuwa 270 azurfar da ke cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa kwabban ƙarni na uku da na huɗu, waɗanda suka fi yawa a hannun masu bincike, su ne kuma suka fi cin tsatsa.

3.0 Rubutu mai tsari

Babban abin da yake taimakon mai karatu shi ne, rubutun kwabon Rum ba zancen ganin dama ba ne. Jerin sunaye ne da laƙabai da aka taƙaita, kuma sukan zo bi da bi, galibi daga ƙasa ta hagu su kewaye kan sarki. Waɗanda aka fi cin karo da su su ne:

IMP, babban kwamandan mayaƙa.
CAES ko C, Kaisar, sunan da ya zama laƙabin gidan sarauta, daga baya kuma na magaji.
AVG, Augustus, laƙabin sarki mai ci.
P M, shugaban malaman addinin Rum.
TR P, ikon wakilin talakawa, wanda ake sabunta wa sarki kowace shekara.
COS, kwansul, muƙamin da a da shi ne mafi girma a Rum.
P P, uban ƙasa.
P F, mai biyayya ga alloli, mai sa'a.
D N, ubangijinmu, wanda ya yaɗu a ƙarni na huɗu.
S C, da yardar majalisar dattawa, wanda ake gani a bayan kwabban tagulla.

Wanda ya haddace wannan jeri, idan ya ga P da M sannan gurbi sannan COS, ya san cewa TR P ne ya fi dacewa da gurbin. Zai kuma auna faɗin gurbin ya ga ko haruffa nawa zai ɗauka. Wani lokaci maimaita harafi yakan ba da labari: AVGG yana nufin sarakuna biyu suna mulki tare, AVGGG kuma uku. Ke nan ɓacewar G ɗaya tana iya mayar da kwabo wani zamani dabam.

4.0 Lambobi da laƙabai a matsayin kwanan wata

Rumawa ba sa rubuta shekara a kan kuɗinsu yadda ake yi a yau, amma lambobin da ke bin TR P da COS suna yin wannan aiki. Alal misali, kwabon Marcus Aurelius mai ɗauke da TR P XX an buga shi ne tsakanin Disambar 165 da Disambar 166.

Kuɗin sarki Traianus, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117, misali ne mai kyau na yadda laƙabai suke taruwa. Ya sami laƙabin DAC, wato wanda ya ci ƙasar Dacia, a ƙarshen 102. Ya zama kwansul karo na biyar a 103, karo na shida a 112. A 114 aka shigar da OPTIMO, mafifici, cikin sunansa, a 116 kuma aka ƙara masa laƙabin cin Farisawan Parthia. To, a ce an sami kwabo wanda abin da ya rage a gabansa shi ne ANO AVG GER DAC, sai gurbi, sai COS V P P. Wutsiyar sunan da laƙaban sun nuna Traianus ne, COS V kuma ya sa kwabon tsakanin 103 da 111. Sai dai akwai tarko iri biyu. Na farko, tsakanin COS V da COS VI ɗan tsinke ɗaya ne, kuma shi ne irin abin da yake saurin gogewa, don haka sai an duba ko akwai tazarar da ta isa harafi tsakanin V da P. Na biyu, kalmar OPTIMO tana bayyana a bayan kwabbansa tun 103 cikin jimlar girmamawa daga majalisa da jama'ar Rum. Wadda ke cikin sunansa a gaba ita kaɗai ce take nuna 114 zuwa sama.

5.0 Suna ɗaya, sarakuna da yawa

Karanta suna bai isa a ce an gane sarki ba. Sunan ANTONINVS ya hau kuɗin Antoninus Pius (138 zuwa 161), da Marcus Aurelius (161 zuwa 180), da Caracalla (198 zuwa 217), da Elagabalus (218 zuwa 222). Sunayen nan biyu na ƙarshe laƙabi ne da mutane suka ba su, ba su taɓa hawa kwabo a matsayin sunan sarki ba. A nan sai a koma ga hoto. Antoninus Pius dattijo ne mai gemu. Caracalla ya fara bayyana yana yaro, daga baya ya zama mai gajeren gemu da murtukakkiyar fuska, kuma yakan ɗauki laƙabin BRIT ko GERM. Elagabalus saurayi ne, kuma a wasu kwabbansa akan ga tauraro a filin baya.

Abin ya fi tsanani a gidan Constantinus Babba, wanda ya rasu a 337. A lokacinsa hotunan sun daina nuna kamannin mutum, duk fuskokin sun zama kusan iri ɗaya. 'Ya'yansa uku sun yi sarauta, ga kuma sunayensu: CONSTANTINVS, CONSTANTIVS da CONSTANS. Tsakanin na farko da na biyu harafin N ɗaya ne. Idan wannan wuri ya goge, akan nemi taimako daga abin da ke kewaye da sunan. IVN, wato ƙarami, yana bin sunan Constantinus na biyu. FL IVL a farkon rubutu kuwa yakan kai ga Constantius na biyu ko Constans, sai tsawon gurbin ya raba gardama.

Abin da ke kan sarki ma shaida ne. Kambin ganye ya fi yawa a ƙarni biyu na farko. Kambi mai tsinkaye kamar hasken rana alama ce ta kwabo mai ninki biyu, shi ya sa ake ganinsa a kan antoninianus. Ɗaurin kai mai duwatsu kuwa ya fara ne a zamanin Constantinus.

6.0 Bayan kwabo da alamar maƙera

Sau da yawa gaban kwabo yakan shafe, bayansa ya tsira. Hotunan baya suna da nasu ƙa'idoji: mace mai fukafukai riƙe da kambi nasara ce, mace mai riƙe da ma'auni adalci ce, mai riƙe da reshen zaitun zaman lafiya ce. Wanda ya gane hoton ya riga ya san kalmar da zai nema a gefe.

Ƙaramin bambanci a hoto yana iya nuna shekara. Kwabban tagulla masu rubutun GLORIA EXERCITVS, wato ɗaukakar rundunar yaƙi, sun fara fitowa a 330 da sojoji biyu da tutoci biyu a tsakaninsu. Wajen 335 zuwa 336 aka rage nauyin kwabon, tutar ta koma ɗaya. Ko da babu harafi ɗaya da ya rage, ƙirga tuta ya isa a raba tsohon bugu da sabo.

Daga gyaran kuɗi na sarki Diocletianus wajen 294, ya zama al'ada a sa alamar maƙera a ƙasan hoton baya. LN ko LON Landan ce, TR birnin Trier na Jamus ta yau, LG birnin Lyon na Faransa, SIS birnin Siscia, AN ko ANT Antakiya, AL ko ALE Iskandariyya ta Masar. Akan fara da SM, wato kuɗi mai alfarma, ko P, a ƙare da harafin da ke nuna sashen da ya yi aikin a cikin maƙerar. A yamma akan yi amfani da haruffan Latin P, S, T, Q, na ɗaya zuwa na huɗu, a gabas kuma haruffan Girkanci. Saboda haka SMANA sashe na farko ne a Antakiya, SMALA kuma sashe na farko a Iskandariyya. Harafi ɗaya ne ya raba Sham da Masar, ga shi kuma a bakin kwabo, inda gogewa ta fi ci.

7.0 Kayan aiki da littattafan tantancewa

Aikin yakan fara da ma'auni. Nauyi da faɗi da irin ƙarfe suna rage yawan zato tun kafin a duba rubutu. Daga nan sai a haska fitila daga gefe, a kwance, domin inuwa ta fito da tudun haruffan da ido ba ya gani a hasken sama. A yau akan ɗauki hotuna da yawa da haske daga kusurwoyi dabam-dabam, a haɗa su a kwamfuta. Masana suna gargaɗi a kan kankare kwabo da wuƙa ko jiƙa shi a ruwan batir, domin sau tari siffar haruffan tana jikin koren ɓawon da ya rufe ƙarfen ne, idan ya tafi rubutun ya tafi.

Bayan haka sai a kwatanta da abin da aka riga aka sani. Joseph Eckhel na birnin Vienna ya kafa harsashin wannan ilimi da littafinsa mai juzu'i takwas tsakanin 1792 da 1798. Henry Cohen na Faransa ya fara fitar da nasa jerin a 1859. A 1923 Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara babban kundin da ake kira RIC a taƙaice, wanda juzu'insa na goma ya fito a 1994, kuma a yau ana iya duba abin da ke cikinsa ta intanet. A irin waɗannan kundaye kowane bambanci yana da lambarsa: yadda rubutu ya rabu a saman kan sarki, ko sarki yana sanye da sulke ko mayafi, ko akwai ɗigo ko tauraro a fili.

Sai dai ba kowane bambanci ne sabon nau'i ba. Wani kuskuren mai sassaƙa ne, wani datti ne ya cike harafi a hatimi, wani kuma kwaikwayo ne. A shekarun 270 an buga ɗimbin kwabban kwaikwayo a Faransa da Biritaniya ta yau, da yawansu aikin mutanen da ba su iya karatu ba ne, haruffansu a birkice. Hujja mafi ƙarfi ita ce samun kwabbai biyu da suka fito daga hatimi ɗaya, domin tabo da tsagewar hatimin sukan bayyana a duka biyun, abin da ya goge a ɗaya sai a karanta shi a ɗayan.

Akwai kuma ƙa'idar rubuta sakamako. Tun taron masana a birnin Leiden a 1931 aka amince a riƙa sa haruffan da aka cike cikin baka mai kusurwa, a ɗiga ɗigo a ƙarƙashin waɗanda ake shakka. Wanda ya rubuta [F]ORTVNA ya gaya wa na bayansa cewa F ɗin daga saninsa ne, ba daga ƙarfen ba.

8.0 Sarakunan da kwabo ya kawo ko ya hana

Labarin Oriuna ya nuna illar saurin yarda. Labarin Domitianus kuwa ya nuna illar saurin ƙi. A 1900 aka tono wani kwabo a yammacin Faransa mai rubutun IMP C DOMITIANVS P F AVG. Salonsa na wajen 271 ne, ba na sanannen Domitianus na ƙarni na farko ba. Da yake shi kaɗai ne, wasu masana suka ce kwabon sarki Tetricus ne aka sake wa haruffa. Haka maganar ta zauna fiye da shekara ɗari. A 2003 aka sami tulu a Chalgrove, kusa da Oxford, da kwabbai kusan 5,000 da suka manne da juna. Da aka rarraba su a gidan adana kayan tarihi na Biritaniya sai ga na biyu, kuma daga hatimai ɗaya da na Faransa. Babu yadda ɗan jabu zai cusa kwabo cikin dunƙulen da ya yi shekara 1,700 a ƙasa. Aka tabbatar an yi wannan sarki, ko da mulkinsa na 'yan kwanaki ne. Kwabon yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford.

Na uku har yau ana gardama a kansa. A 1713 aka ba da rahoton samun wasu kwabban zinariya a Transylvania, cikin Romaniya ta yau, wasunsu da rubutun IMP SPONSIANI. Babu littafin tarihin da ya ambaci wannan suna. Kwabban zubi ne, ba bugu ba, bayansu kuma kwaikwayon wani denarius ne na wajen 135 kafin Miladiyya. Cohen ya ce jabu ne. A 2022 Paul Pearson da abokan aikinsa suka binciki wanda ke gidan tarihi na Hunterian a Glasgow, suka ce gogewarsa da ƙasar da ta manne masa sun nuna ya yi yawo a hannu kuma an binne shi. Masana kuɗi da yawa ba su gamsu ba. A nan haruffan a fili suke, matsalar ita ce ko ƙarfen da ke ɗauke da su abin yarda ne.

Wani lokaci kuma haruffan suna nan, ma'anarsu ce ta ɓace. A kan wasu kwabban Carausius akwai RSR, a kan wata babbar lambarsa kuma INPCDA. An daɗe ana ɗaukar RSR a matsayin sunan ofishin kuɗi. A 1998 Guy de la Bédoyère ya nuna cewa haruffan tara, a jere, su ne farkon kalmomi tara na wasu baitoci biyu na mawaƙin Rum Vergilius, masu maganar dawowar zamanin albarka. Ke nan ɗan tawayen yana tallan mulkinsa ne da adabin da masu ilimi suka haddace.

9.0 Sawun kuɗin Rum a Sahara da cikin harshe

Amfanin wannan karatu bai tsaya a Turai ba. A 1925 aka buɗe wani kabari a Abalessa, a yankin Ahaggar na kudancin Aljeriya, wanda Buzaye suke danganta shi da kakarsu Tin Hinan. Cikin abin da aka samu akwai ɗan fallen zinariya mai ɗauke da sawun kwabon Constantinus Babba. Gane sarkin ya nuna ba a rufe kabarin kafin farkon ƙarni na huɗu ba. Iyakar abin da kwabo yake iya faɗa ke nan. Ba ya nuna shekarar binnewa, ba ya kuma nuna cewa Barume ne ya kawo shi, domin kuɗi yana wucewa daga hannu zuwa hannu.

Sunayen ma sun yi tafiya. Daga denarius Larabci ya sami dinar, daga follis kuma ya sami fulus. Masana harshe suna ganin daga dinar ɗin ne Hausa ta sami zinariya.

10.0 Kammalawa

An ga cewa shafaffen kwabo yana karantuwa ne saboda Rumawa sun bi tsari wajen jera laƙabai, da zana hotuna, da sa alamar maƙera. Mai bincike yakan fara da nauyi da ƙarfe, ya bi da hoto, sannan haruffa, ya ƙare da kwatanci. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma Stukeley ya gani, abin da yake so ya gani ne ya rinjaye shi. Waɗanda suka ƙi Domitianus su ma sun gani, sai suka fifita shirun littattafai a kan shaidar ƙarfe. Ɗalibin da zai yi aiki da kowane irin tsohon rubutu, a ƙarfe yake ko a dutse ko a takarda, abin da ake buƙata gare shi shi ne ya rubuta abin da ya gani dabam, abin da ya cike dabam, ya kuma bar gurbi a inda hujja ba ta kai ba, domin wata rana ana iya tono kwabo na biyu.